Iska da Ruhu: Tarken Kalmomin da Fassarar Kirista Ta Tunkari 'Yan Bori da Su

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970 majami'un Turai da Amurka suke fama da tambayar yadda za su yi magana da mabiya aƙidar nan da ake kira Sabon Zamani, wadda ta tattara duban taurari da neman waraka ta hanyar duwatsu da da'awar cewa wasu ruhohi suna magana ta bakin ɗan Adam. Abin ya kai har a shekarar 2003 fadar Paparoma ta fitar da doguwar takarda a kan batun. Takardar ta ƙi aƙidar, amma ta shawarci Kiristoci da su saurari masu bin ta, ta kuma kafa hujja da hirar Yesu da Basamariya a bakin rijiya. A ƙasar Hausa irin wannan tambaya ta riga waccan da kusan shekara 70, domin tun farkon ƙarni na 20 'yan mishan suka tarar da mutanen da iskoki ke magana ta bakinsu, wato 'yan bori da Maguzawa.

Wannan maƙala za ta duba al'amarin ta fuskar harshe kawai. Abin da take son nunawa shi ne, masu fassara Littafi Mai Tsarki sun ɗauki kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci suka bar na bori, kuma wannan zaɓi, duk da cewa yana da hujjarsa, ya sa littafin ya fi iya zance da malamin zaure fiye da mutumin da a zahiri ya fi zuwa saurarensa.

2.0 Waɗanda Aka Yi Wa Fassarar

A shekarar 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Dokta Walter Miller yake ciki, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki kuma ta fito a 1932. Burin Miller shi ne Musulmin birni, mai allo da tawada. Sai dai gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka waɗanda suka fi karɓar saƙon su ne ƙabilun da Hausa ta zame musu harshen kasuwa, da majinyatan zangunan kutare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, sannan daga baya Maguzawan ƙasar Kano da Katsina. Ƙasar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa da tutar jihadi, tana cikin masarautun da ƙofarsu ba ta buɗe sosai ba, amma a gabashinta akwai Karekare da maƙwabtansu da mishan ta samu shiga cikinsu, kuma da Hausa aka yi musu wa'azi. Ke nan an ɗinka rigar ne da awon wani, wani dabam ya sa ta.

3.0 Kalmar da Aka Tsallake

A babi na 3 na Bisharar Yahaya (Yohanna a wasu fassarori), cikin hirar Yesu da Nikodimu, akwai wasa da kalma wanda ya daɗe yana wahalar da masu fassara a duniya. Kalmar Girkanci pneuma tana nufin iskar da ke kaɗawa, tana kuma nufin ruhu, kuma a aya ta 8 an yi amfani da ita da ma'anonin biyu a numfashi ɗaya: abin da ake jin motsinsa ba a san mafitarsa ko makomarsa ba. Haka kalmar Ibrananci ruwah take. Ingilishi da Faransanci ba su da kalma ɗaya ta yau da kullum mai ɗaukar nauyin biyu, dole su raba. Hausa kuwa tana da ita a shirye. Iska ita ce mai kaɗa ganye, iska kuma ita ce halittar ɓoye mai taɓa mutum, jam'inta iskoki. 

Masu fassara sun bar iska a farkon ayar suka sa Ruhu a ƙarshenta, wasan ya mutu. Ba jahilci ya jawo haka ba, don Miller da abokan aikinsa sun san Hausa ƙwarai, kuma G. P. Bargery, wanda ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan, shi ya bar mana ƙamusun 1934 da har yau muke sha daga gare shi. Hujjojinsu a fili suke. Da an ce Iska Mai Tsarki, Bamaguje zai jera ta tare da Inna da Kure da Sarkin Rafi, ya tambayi irin dabbar da ake yanka mata. Mutumin birni kuma zai tuna da ɗan iska da iskanci, ya yi dariya. Akwai ma matsalar jinsi, domin a daidaitacciyar Hausa iska tamata ce, sai a riƙa cewa ta zo, ta sauko, alhali ruhu namiji ne. (Abin sha'awa, ruwah ta Ibrananci ma galibi tamata ce, don haka nahawun Hausa ya fi kusa da asalin a nan.)

Ban ga laifin masu fassara a kan Ruhu Mai Tsarki ba. Da ni ne a kujerarsu, abin da zan zaɓa ke nan. Inda nake da ja shi ne yadda aka kori kalmar daga fagen baki ɗaya, har ta rasa gurbi ko a wajen ambaton halittun da ake yaƙa. Greenberg (1946), wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya nuna cewa su ma sun san Allah, amma suna ganin sa nesa, iskoki ne ke kusa da al'amuran yau da kullum kamar ciwo da haihuwa da amfanin gona. Ashe littafin da bai kira iska da sunanta ba ya yi shiru a kan abin da ya fi damun mai sauraro. A Bulkachuwa inda na tashi, garin Musulmi ne tsantsa, amma ban taɓa jin tsohuwa ta ce ruhu ya taɓa yaro ba. Iska ce ta buge shi, ko mutanen ɓoye, ko a ce ya yi gamo. Ruhu kalmar wa'azi ce da makarantar ilmi. In haka abin yake a bakin Musulmin Guddiri, ina ga Bamagujen da bai taɓa zama gaban malami ba?

3.1 Baƙin Aljan

Wajen fassara halittun da Linjila ta ce Yesu ya fitar daga jikin mutane, mai karatu zai ci karo da ƙazamin ruhu da mugun ruhu da baƙin aljan a fassarori dabam-dabam. Na ƙarshen nan shi ya yi fice a fassarar 1979, kuma a kunne ya fi sauran zama Hausa. Sai dai a nan ne tarkon yake.

Aljani a fahimtar Musulmi ba lallai ne ya zama mugu ba, domin Alƙur'ani ya tabbatar da cewa a cikinsu akwai muminai akwai kangararru. A bori kuma an kasa iskoki gida biyu, farare da baƙaƙe. Fararen su ne na gari, masu salla, irin su Malam Alhaji da Ɗan Galadima, baƙaƙen kuma na daji ne, arna, masu zafin hali. Besmer (1983) ya bayyana yadda 'yan borin Kano suke kallon birnin Jangare da gidajensa da sarautunsa ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu, tsari mai kama da na fadar sarkin Hausa. To, wanda ya tashi cikin wannan tsari, in ya ji an ce an fitar da baƙin aljan, abin da zai fahimta shi ne an rabu da na dajin, na garin kuwa ba a taɓa shi ba. Siffar da mai fassara ya sa don ya la'anci jinsin duka, sai ta zama ta ware rabinsa ta wanke. Tiyolojin Furotesta da ya yi fassarar bai san farin aljani ba, amma Hausar da ya ara ta san shi.

Ƙazamin ruhu kuma ya bi Girkancin sau da ƙafa, ga shi ba ya nuna komai a zuciyar Bahaushe, don ƙazanta a wurinsa ta jiki ce da tufa da muhalli. Mugun ruhu ya fi tsira daga kuskure, amma ya tsira ne saboda bai taɓa kowa ba: babu 'yar borin da za ta ji an ce mugun ruhu ta ɗauka da Barhaza ake.

Meyer (1999) ta yi nazarin irin wannan a tsakanin Ewe na Gana, inda ta nuna cewa mishan da ta fassara allolin gargajiya da shaiɗanu ba ta kashe su ba, ta ba su sabon masauki ne a cikin majami'a, a matsayin abokan gaba da ake ambato kullum. Abin da ya faru a Hausa ya ɗan bambanta. A rubuce ba a ba iskoki ko da wannan masaukin ba, amma a baka sun shiga. A garin da aiki ya kawo ni, nesa da gida, yawancin ɗalibaina masu jin Hausa Kiristoci ne, kuma in suna ba da labarin addu'ar da aka yi wa mara lafiya, iska suke cewa. Littafin yana faɗin abu ɗaya, bakin masu karanta shi yana faɗin wani.

4.0 Hawa da Sauka da Fitarwa

Aikatau sun fi sunaye tona asiri. A bori iska hawa take yi, mutum kuma doki ne ko goɗiya. In an gama wasa sai ta sauka, a yi atishawa, mutum ya dawo hayyacinsa. A majami'a Ruhu saukowa yake yi, mutum kuma cika yake yi da shi, kamar tulu. Manazarta nahawu za su lura cewa saiwa ɗaya ce ta ba da sauka da sauko, giredi na 3 da na 6 a rabon Parsons (1960), amma ɗafin -o ya juya ma'anar: sauka a bori tafiya ce, sauko a majami'a zuwa ne. Wannan kusanci ya isa ya nuna cewa akwai gadar da za a iya bi. Wasu masu wa'azi suna tsoron gadar ne saboda gajartarta, musamman da yake a majami'un Fentikos akan ga mutum ya faɗi yana rawar jiki yana furta abin da ba a fahimta, abin da ɗan kallo Bahaushe ba zai rasa sunan da zai ba shi ba.

Babban saɓanin yana tsakanin fitarwa da girka. Wadda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai ta aka yi mata girka, ba a kori iskar da ke damunta ba. An gano sunanta ne, aka san abin da take so na tufa da turare da yanka, aka ƙulla zaman lafiya da ita har mutuwa. Alaƙa ce mai haƙƙoƙi, kamar aure ko barantaka, kuma tana zuwa da jama'a: Magajiya da Sarkin Bori da masu garaya da 'yan'uwa da za su taru in an yi rashi ko biki. Luc de Heusch ya daɗe da bambanta waɗannan hanyoyi biyu, ta kora da ta lallashi. Fassarar Kirista kora kaɗai ta sani, kuma wannan daidai yake da aƙidarta, ba wanda zai nemi ta sauya. Amma mai wa'azin da ya ce zai fitar da aljani yana magana ne kamar da ɓarawo ya shigo gida, ita kuwa matar tana jin ana cewa ta saki wanda ta yi shekaru tana tare da shi, ba a kuma gaya mata wanda zai tsaya mata in ya yi fushi ba. Cooper (2006) ta nuna cewa a Maraɗi da Tsibiri aikin asibiti da na taimakon jama'a ya yi tasirin da wa'azi tsura bai yi ba. A ganina ɗaya daga dalilan haka shi ne asibiti yana amsa tambayar da girka take amsawa, wato wa zai kula da ni.

Ba Kiristoci kaɗai suka gamu da wannan ba. Masu ruƙiyya da suka yawaita a Kano tun tsakiyar shekarun 1990 su ma da harshen kora suke aiki. Nana Asma'u (1793–1864) kuwa wata hanya ta bi. Kamar yadda Boyd (1989) ta bayyana, da ta kafa 'yan taru sai ta ɗora wa jajinta malfa, alamar da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita, ta cika tsohon mazubi da sabon abu. Matan karkara sun gane kayan, don haka suka saurari mai sanye da su.

Hausawa Kiristoci sun nuna cewa su ma suna da irin wannan dabara in abin ya shafi sunansu. Da suka ga Maguzawa da arna da Nasara duk ba su dace da su ba, sai suka ɗauki Almasihu suka liƙa masa ɗafin -awa na Kanawa da Katsinawa, suka zama Masihiyawa, kalma mai tushen Larabci da ƙirar Hausa. Waɗannan su ne jikokin masu tsafi a gindin tsamiya, sun san sunayen iskoki daga bakin kakanninsu, abin da Miller bai samu ba. In an tashi sabunta fassara, su ya kamata a zaunar a kan babi na 5 na Bisharar Markus, labarin mutumin makabarta da garken aladu, a tambaye su abin da kakanninsu za su kira abin da ke kansa, da kuma ko za su yarda a rubuta shi.