Koto Ba Laifi Ba Ne, Guba Ce Laifi

Kwanan nan wani bidiyo yana ta yawo a wayoyin samarinmu na Hausari. Wani Ba'amurke ne zaune kan bishiya da baka irin ta zamani. Ya ajiye ganga cike da gurasa mai zaƙi da kitse, yana jiran baƙar beyar, wata dabba mai gashi da ta fi kura girma. Tana sa kai cikin gangar, ya sakar mata kibiya.

A majalisa aka yi ta gardama. Wasu suka ce wannan ba jarumta ba ce, ai yankan rago ne. Mu kam muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Dako ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu maharba sun kwana bakin tafki da kwari da baka, kibiya shafe da dafin kwankwani, suna jiran barewa.

Abin dubawa shi ne ƙa'ida. A Jihar Maine ta Amurka, mai sa koto sai da lasisi, sai cikin lokacin da hukuma ta ware, kuma dole ya rubuta sunansa da adireshinsa a wurin. A 2014 har ƙuri'a aka kaɗa kan hana al'adar, masu son hanawa suka sha kaye. Ko ba komai, dabba ɗaya aka nufa.

To mu fa? Yanzu kotonmu mushe ne da aka barbaɗa wa maganin ƙwari. Ba ya zaɓe: kura, dila, karen makiyayi, ungulu, duk wanda ya ci ya tafi. Yaushe rabonku da ganin ungulu a kan mahauta? Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Naman kuma wani lokaci kasuwa ake kai shi, mu ne masu ci.

Ba mu manta mafarautanmu ba. A watan Mayun 2014 ɗaruruwansu suka taru nan Yerwa, a shirye su shiga Sambisa neman 'yan matan Chibok. Mutuncin nan ne ya sa muke roƙon Sarkin Baka da dattawan sana'a su tsawata. Mai guba ba maharbi ba ne, wallahi. Kada a bar shi ya ɓata sunan masu baka.