Mutumin Kirki: Na Wane Gida?

A shekarar 1973 ne A. H. M. Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Jihar Arewa, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Ya tsamo halaye goma, watau gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Aikin ya karɓu ƙwarai ga manazarta, kuma ya cancanta, domin ya nuna Bahaushe yana da ma'aunin hali nasa na kansa.

Sai dai jerin yana sa mai karatu ya zaci halayen nan riga ɗaya ce da aka ɗinka wa kowa. Ba haka al'amarin yake ba. Kowane rukuni na jama'a yana da rabonsa, kuma rukunin ne ke koya wa mutum abin da zai ji nauyinsa.

A ɗauki kunya, alal misali. A labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ana ganin yadda uwa ke kawar da kai ga ɗanta na fari, ba ta ko ambaton sunansa. Matar nan kuwa ita ce za ta zauna da jikanta suna ba'a, tana kiransa mijinta. Zuciyarta ɗaya ce. Matsayin wanda ke gabanta ne ya sāke. Haka Bafulatani zai gaya wa Babarbare maganar da in wani ya faɗa sai an kai ga alƙali, a yi dariya a watse. Maroƙi ma ya gaji sana'ar da ba ta yiwuwa sai an ajiye kunya gefe, ga shi kuwa a cikin gidansa yana jin nauyin surukansa kamar kowa. To, da wane mudu za a auna kirkinsa?

Haƙuri da ladabi sun fi wuyar sha'ani, don akwai iko a cikinsu. Matar aure da bara da talaka su aka fi yi wa wa'azin haƙuri, su kuma ake jira su durƙusa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da mabiyansa sun yi ta hana talakawa faɗuwa a gaban sarakuna. Abin da fada ta kira rashin ladabi, su suka kira shi kare mutunci. Ga halaye biyu daga cikin goman nan sun yi karo da juna, jerin kuwa ba ya raba gardama.

Wata matsalar ta samo asali ne daga dogaro da karin magana, wadda ba ta da baki ɗaya. Bahaushen da ya ce hali zanen dutse ne, shi ne kuma ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na farko ya ɗora hali a kan halitta, na biyu ya ɗora shi a kan abokan zama. Saboda haka malamin da ke karantar da halaye goman nan a aji, ya kamata ya haɗa da tambayar wa ke cewa a yi haƙuri, wa kuma ake ce wa.