Buhun Shinkafa da Jigon Haƙuri: Nazari a kan Wasan "Oshin"

Masu iya magana sun ce ciki ba ya ƙarya. A kan wannan ma'auni za a ɗora "Oshin", wasan kwaikwayon talabijin da Hashida Sugako ta rubuta, wanda tashar NHK ta ƙasar Japan ta nuna daga Afrilun 1983 zuwa Maris na 1984, a kashi 297, kowanne na minti 15.

Tauraruwar wasan, Oshin, an haife ta a 1901 a lardin Yamagata. Mahaifinta manomi ne mai aron gona, wanda yake kai wa mai ƙasa kaso mai tsoka na amfanin da ya noma. Saboda haka gidan da ke noma shinkafa ba ya ƙoshi da ita, sai an dama ta da wani farin tushe mai suna daikon don ta auka. Tana da shekara bakwai aka kai ta aikatau gidan wani mai sayar da katako, aka biya uban da buhun shinkafa guda.

A nan gwanintar marubuciyar ta fito. Ba ta sa wani ɗan wasa ya yi wa'azi a kan zalunci ba, ta bar akushi ya yi magana. Farin tuwo alamar gidan mai hali ne, gaurayayye kuwa na talaka. Manomin fadamar Kebbe, wanda bashi ke sa shi sayar da shanshera da araha da kaka, ya dawo kasuwar Tambuwal da damina yana awon tsaba da tsada, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan hoto. Haka kuma uwar da ta tura 'yarta aikatau birni.

Sai dai inda wasan ya yi rauni shi ne wajen warwarar jigo. Akwai masu tawaye a cikinsa: Shunsaku, sojan da ya guje wa yaƙin Japan da Rasha, da Kota, mai fafutikar haɗa kan manoma. An harbe na farko, na biyu ya sha ɗauri ya fito da nakasa. Oshin kuwa, wadda ta haɗiye kowace wahala, ita ta ƙare da jerin manyan kantuna. Mai kallo zai tashi da darasin mahaƙurci mawadaci, alhali tarihi ya nuna cewa abin da ya 'yanta manoman Japan shi ne dokar rabon gonaki ta 1946, a zamanin mamayar Amurka. Ba mamaki da 'yan siyasar ƙasar suka rungumi sunan Oshin a matsayin kirarin juriya, domin talaka mai haƙuri ba ya tayar wa mai mulki da hankali.

Adalci ne a ce marubuciyar ta hango wannan tarko. Shi ya sa ta buɗe wasan da Oshin tana tsohuwa, ta bar gida ranar buɗe sabon kanti, tana neman abin da arziki ya raba ta da shi. Amma hawayen yarinya sun fi tambayar tsohuwa zama a zukatan masu kallo.

Darasin yana da amfani ga marubutan Hausa. Ƙasar Sakkwato ta ga farin 1973, ta ga shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari a 1980, a shekarar da aka kashe manoma a Bakolori kan diyyar gonakinsu. Duk wanda zai sa abinci a tsakiyar wasansa ya koyi dabarar akushi daga "Oshin", sa'an nan ya amsa tambayar da wasan ya sassauta: wa ya noma, wa ya auna, wa kuma ya ci?