Jinjina ga Masu Binciken Gubar Dalma a Zamfara

A 2010 yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa dalili. Likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatan lafiyar jiha da masu bincike daga Amurka ne suka bi gida-gida, suna ɗibar jinin yara da ƙasar tsakar gida, har suka gano gubar dalma ce daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. A ƙauyuka biyu kaɗai, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda.

Aikin da ya biyo baya na masu haƙuri ne: lallashin uwa ta amince a soki ɗanta, ba da maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, sake gwaji, rubuta kowane sakamako. Bayanan yara 1,156 da aka wallafa a 2014 sun nuna maganin sha yana rage gubar, darasin da ya amfani Shikira ta Jihar Neja bayan irin wannan gubar ta ɓulla can a 2015.

Iyaye daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, mu yi wa waɗannan bayin Allah addu'a. Allah ya saka musu da alheri.