Mudun da Ke Tauyewa Gefe Guda: Fim ɗin 300 da Gardamar da Ta Ƙi Mutuwa

Ko wanda bai taɓa zama ya kalli fim ɗin 300 daga farko zuwa ƙarshe ba, da wuya a ce bai ci karo da guntunsa a waya ba. Wani sarki mai gemu, ƙirji a buɗe, ya daka tsawa ya sa ƙafa ya hankaɗa manzon abokan gaba cikin rijiya. Tun watan Maris na 2007 da fim ɗin ya fito wannan hoton yake yawo, ana raha da shi. Mu ma mun yi dariyar. Sai da muka koma muka karanta tarihin abin, muka tarar rijiyar nan tana da sauran labari da fim ɗin ya haɗiye. Za mu dawo kanta.

Zack Snyder ne ya ba da umarnin fim ɗin, ya ɗauko shi daga littafin zane na Frank Miller da Lynn Varley wanda ya fito a 1998. Labarin yaƙin Termofile ne, a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sarki Zaksis na Farisa ya taso da runduna don ya ci ƙasar Girka, Sarki Leonidas na Sparta kuma ya tare shi a wani matsattsen wuri tsakanin dutse da teku har kwana uku. An kashe kimanin dala miliyan 65 wajen shirya fim ɗin, ya kuma tara sama da miliyan 450 a gidajen silima na duniya. Ta fuskar kasuwa babu gardama, ya ci. Gardamar tana wajen abin da ya bari a kawunan mutane.

Masu kallo sun kasu kusan gida uku. Na farko su ne waɗanda suka fito tsikar jikinsu na tashi, suna cewa ba su taɓa ganin faɗa irin wannan ba. Na biyu masana da ɗaliban tarihi, waɗanda suka zauna da alƙalami suna lissafa kurakurai. Na uku mutanen Iran, na gida da na waje, waɗanda suka ga an mayar da kakanninsu dodanni. Gwamnatin Iran ta yi tir da fim ɗin, mai ba Shugaba Ahmadinejad shawara kan al'adu, Javad Shamaqdari, ya ɗauke shi wani ɓangare na yaƙin farfaganda da Amurka ke yi wa ƙasarsa, har aka kai ƙorafi gaban UNESCO. Lokacin ma bai taimaka ba. Fim ɗin ya fito ana gab da bikin Nowruz, sojojin Amurka na Iraƙi, kuma a cikin watan ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙara wa Iran takunkumi kan shirin nukiliya.

Mu fara da ba gida na farko haƙƙinsu, domin suna da shi. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san aikin da ke cikin hotunan nan. Kusan dukkan fim ɗin a cikin ɗaki aka ɗauke shi a birnin Montreal na Kanada, 'yan wasa na tsaye gaban shuɗin kyalle, daga baya aka cire kyallen aka dasa sama da duwatsu da teku da kwamfuta. An danne launuka, baƙi ya ƙara duhu, sauran suka koma ruwan tagulla, jan mayafin Spartawa kaɗai aka bari yana ci kamar garwashi. Ana rage gudun hoto daidai lokacin da mashi zai shiga jiki, sannan a sake shi da sauri. Snyder ya so kowane hoto ya zama tamkar shafin littafin Miller yana motsi, kuma ya samu abin da ya nema. Wanda ya ce fim ɗin ba ya kama ido, son zuciya ya faɗa.

Gida na biyu kuwa jerin kurakuransu dogo ne, mafi yawa kuma gaskiya ne. Sojan Sparta ba ya zuwa fagen fama da ɗan kamfai da mayafi kawai, yana da sulke da makarin ƙwauri, kuma ƙarfinsa yana cikin sahu, garkuwa na kare garkuwa, ba kowa ya ɓalle yana nuna bajinta shi kaɗai ba. Babu karkanda a yaƙin, babu giwaye. Girkawan da suka fara tsare mashigar sun kai wajen dubu bakwai. Ranar ƙarshe, bayan Leonidas ya sallami mafi yawansu, Herodotus ya ce mutum 700 na garin Tesfiya sun ƙi tafiya suka mutu tare da shi, akwai kuma mutanen Tibis 400. Ga kuma jiragen ruwan Girkawa, waɗanda mafi yawansu na Atina ne, suna gwabzawa a Artemisiyum a kwanakin nan uku, don kada Farisawa su zagayo ta teku.

Amsar da masoya fim ɗin ke bayarwa guda ce: ai fim ne, ba ajin tarihi ba. Mun yarda da rabin wannan amsar. Babu wanda zai fasa sauraron waƙar fada don mawaƙi ya ce sarki ya kori mayaƙa dubu shi kaɗai. Herodotus kansa, wanda kusan duk abin da aka sani game da yaƙin daga gare shi ya fito, ya ce sojojin ƙasa na Zaksis sun kai miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, alhali masana na yau ba sa wuce 'yan dubban ɗaruruwa. Ƙarin gishiri ya girmi silima. In da tsiraicin ƙirji da karkanda ne kawai laifin 300, da ba mu ɓata tawada a kai ba.

Sai dai akwai wani abu da sana'armu ta koya mana. Idan manhajar lissafin kuɗi tana kuskure, wani lokaci ta ƙara wa mai saye, wani lokaci ta rage masa, mukan ce matsala ce a cikin rubutun, a nemo ta a gyara. Idan kuwa kullum kuskuren aljihu ɗaya yake cikawa, sai mu daina neman matsala mu fara tambayar wanda ya rubuta. Duk mai zuwa kasuwar hatsi ya san wannan: mudun da kullum mai saye yake tauyewa, da hannu aka bubbuge gindinsa. Kuma a fim ɗin da aka gina kowane ɗigon hotonsa a kwamfuta, babu abin da ya faɗo cikin hoto bisa tsautsayi. Kowane ƙusumbi, kowace ruɓaɓɓiyar fuska, wani ne ya zauna ya zana, wani ya duba ya ce ya yi. To mu auna mu ga gefen da mudun 300 yake tauyewa.

A fim ɗin, Spartawa ba su da magana sai ta 'yanci. Ba a nuna mana Helotawa ba, wato mutanen da Sparta ta ci da yaƙi ta mayar bayin gona, waɗanda suka ninka 'yan gari yawa. Noman da suke yi ne ya ba ɗan Sparta sukunin zama soja tun yana shekara bakwai. Plutak ya ruwaito daga Aristotle cewa kowace shekara hukumar Sparta takan yi shelar yaƙi a kansu, don kashe su kada ya zama laifi. Herodotus ya ce a yaƙin Filatiya, shekara ɗaya bayan Termofile, kowane ɗan Sparta ya je da Helotawa bakwai. Waɗannan duka an share su. Su kuma wakilai biyar da ake kira Efor, waɗanda jama'a ke zaɓa duk shekara don su taka wa sarakuna birki, an mayar da su tsofaffin kutare masu cin hanci a kan dutse. Abin da ya fi kama da zaɓe a tsarin Sparta shi aka fi munanawa, aka bar sarki mai takobi shi kaɗai da gaskiya.

A ɗaya gefen, an ɗauko Rodrigo Santoro ɗan Brazil aka miƙar da shi da kwamfuta ya zama ƙato, aka huhhuda fuskarsa da zobba, aka sa shi yana kiran kansa abin bauta. Sassaƙen da ke Fasifolis har yau yana nuna sarakunan gidan da dogon gemu da doguwar riga, rubuce-rubucensu kuma suna cewa Ahura Mazda ne ya ba su mulki, ba su ce su ne alloli ba. Zaratan dakarun nan dubu goma an sa musu fuskar azurfa, da aka cire sai ga dodo a ciki. Ga hauni mai hannayen wuƙa, ga makaɗi mai kan akuya. Duk mai duhun fata ko rawani a fim ɗin yana ɓangaren mugunta, har da manzon da aka jefa rijiya, wanda Peter Mensah haifaffen Ghana ya fito a matsayinsa. Abin ya faru fiye da shekara dubu kafin Musulunci, amma mai kallo na 2007 da ya ga rawani da baƙin mayafi ya san hoton da ake tuna masa.

Wanda ya fi damun mu shi ne Efiyaltis. A wajen Herodotus, mutumin yankin ne da ya nuna wa Farisawa hanyar bayan dutse don kwaɗayin lada, babu zancen nakasa. Fim ɗin ya mayar da shi ɗan Sparta mai ƙusumbi wanda iyayensa suka gudu da shi don kada a jefar da shi yana jariri, kamar yadda aka nuna ana yi a farkon fim. Sai kuma ya zama shi ne maci amana. Mai kallo ya haɗa biyu da biyu, ba sai an faɗa masa ba: da an jefar da shi tun farko, da Leonidas bai mutu ba. Duk mai ɗan'uwa nakasasshe a gida ya san wannan ya wuce ado.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare fim ɗin suke da ita ita ce Diliyos, sojan nan mai ido ɗaya da ke ba da labarin. Suna cewa duk abin da muke gani daga bakinsa ya fito, yana zuga mayaƙa ne gab da yaƙin Filatiya, don haka dole abokan gaba su zama dodanni. Wato maroƙi ne, kirari yake yi. Hujjar tana da kyau, kuma mu da muka tashi da jin kirari mun fi kowa gane ta. Amma a fada kowa yana ganin maroƙi, yana ganin wanda ake wa kirarin, ya san tazarar da ke tsakanin magana da mutum. A 300 babu inda aka bar mu muka hango wannan tazarar. Ba a nuna mana Bafarishe ko ɗaya yana cin abinci ko yana tuna 'ya'yansa ba. Da Diliyos ya gama, kiɗa ya tashi, kyamara ta bi shi a guje zuwa fagen fama. Fim ɗin ya rungumi kirarin baki ɗaya. Snyder ma da kansa ya taɓa cewa a wata hira kashi casa'in cikin ɗari na abubuwan da suka faru daidai suke. Ba a cewa tatsuniya ce idan an zo da ƙorafi, a ce tarihi ne idan ana talla.

Yanzu mu koma rijiya. Herodotus ya tabbatar Spartawa sun jefa manzannin Farisa rijiya, amma na Dariyus ne, mahaifin Zaksis, wajen shekara goma kafin Termofile. Kuma su kansu ba su ɗauki abin a matsayin jarumta ba, domin taɓa manzo babban saɓo ne a wurinsu. Abin ya dame su har suka aika mutum biyu daga manyan gidaje, Sifatiyas da Bulis, su je wurin Zaksis ya kashe su a madadin manzannin. Zaksis ya ƙi. Ya ce ba zai aikata abin da yake zargin su da shi ba, ya sallame su suka koma gida da ransu. Bagirke ne ya rubuta wannan. Shi ne kuma ya rubuta cewa Zaksis ya sa an sare kan gawar Leonidas, ya ƙara da cewa hakan ya saɓa wa al'adar Farisawa ta girmama jarumi. Eskilus, wanda ya yi yaƙi da Farisawa da hannunsa, ya rubuta wasan kwaikwayo a 472, shekara takwas kacal bayan yaƙin, ya kafa shi a fadar Farisa, ya sa 'yan Atina suka zauna suna sauraron kukan uwar Zaksis da dattawansa. Mutanen da aka ƙone musu gari sun iya ganin abokin gabansu a matsayin mutum. Masu fim da suka zo bayan shekara kusan dubu biyu da ɗari biyar, ba a taɓa musu ko kaza ba, sun kasa.

Akwai dalilin da ya sa ba ma ɗaukar wannan da wasa. Labarin Termofile ya daɗe ana aronsa. A ranar 30 ga Janairu 1943, sojojin Jamus na mutuwa a Stalingrad, Hermann Göring ya hau rediyo ya kwatanta su da mutanen Leonidas. Labarin 'yan tsiraru masu tsabtar jini da ke tare ambaliyar baƙi yana shiga kowace riga. Shi kuwa tarihi bai tsaya inda fim ya tsaya ba. Kafin a cika shekara tamanin, Sparta ta karɓi zinaren Farisa ta gina jirage ta murƙushe Atina a 404, daga baya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa sarkin Farisa garuruwan Girkawa na gaɓar Asiya.

Ba mu ce kada a kalli 300 ba. Mu ma idan muka ci karo da shi, da wuya mu wuce ba mu tsaya ganin wurin da ake tura mayaƙa daga kan dutse zuwa teku ba. Abin da muke roƙo shi ne, idan ƙanenka ya gama kallo ya juyo yana cewa ashe haka Farisawa suke, ka zaunar da shi ka ba shi labarin mutum biyun da suka je a kashe su aka ce su koma gida, ka kuma faɗa masa sunan Tesfiya.