Ƙanƙarar da ke cin wuta

Duk wanda ya yi azumin bazara a Mubi ya san darajar ƙanƙara. Ana gama la'asar za ka ga yaran Wuro Patuji rungume da ita a leda suna gudu, don kada ta narke kafin a sha ruwa. To, ka ce wa ɗayansu akwai ƙanƙarar da in an ƙyasta mata ashana take kamawa da wuta, sai ya ce ka raina masa hankali.

Akwai ta kuwa. Tana kwance a ƙarƙashin teku mai zurfi, da ƙarƙashin ƙasashen da sanyi ya daskarar irin su Alaska da Saberiya. Har a tekunmu, gaba da Neja Delta, an haƙo ta. Inda sanyi ya haɗu da matsi mai tsanani, ruwa kan daskare ya yi ƴan ƙananan keji, kowanne ya kulle ƙwayar iskar metan a cikinsa. Metan ɗin nan ita ce ake ɗura wa motocin da aka mayar masu amfani da gas, ba ta tukunyar girki ba. Wannan ƙanƙara kan saki gas wajen ninki 160 na girmanta.

Fito da ita ne aiki. Ba kamar fetur take ba, da za a huda ƙasa ya bulbulo. In ka tura zafi, kaso mai yawa ya salwanta a hanya. In ka rage matsi za ta narke, amma narkewar tana zuƙe ɗumin wurin, sai ruwa ya sake daskarewa ya toshe bakin rijiya, ga yashi yana biyo bututu. Yashin ne ya katse wani gwaji da Japan ta yi a Maris ɗin 2013 bayan kwana shida.

A nan ne gwanayen harkar suka burge ni, domin lallashi suka zaɓa. Tunanin farko shi ne musaya: a tura iskar kabon, wadda kejin ya fi ƙauna, ta shiga ta zauna, metan ta fito. Jifa ɗaya, ka sami gas, ka kuma binne hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sai dai kabon zalla tana da garaje. Da ta sadu da ruwa a bakin rijiya sai ta yi tata ƙanƙarar nan take, ta rufe ƙofa tun ba a shiga ɗaki ba.

Sai aka nemo mata ƴar rakiya, wato naitirojin, iskar da ta kai kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. Halinta shi ne ba ta daskarewa da ruwa sai matsi ya yi tsanani ƙwarai, saboda haka tana ratsa yashi ta bar hanya a buɗe. Tana isa kuma sai ta tsarma gas ɗin da ke kewaye da ƙanƙarar, daidaiton da ke riƙe da kejin ya ɓaci, metan ta fara sulalewa. Ga ta ƙarama, tana iya kutsawa ƙananan kejin da kabon ba ta cika shiga ba. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna a 2006 cewa gaurayen biyun na fitar da kusan kashi 85 na metan a ɗakin gwaji, alhali kabon ita kaɗai ta tsaya wajen 64.

An gwada abin a fili a farkon 2012, kusa da Prudhoe Bay a arewacin Alaska. Kamfanin ConocoPhillips da ma'aikatar makamashi ta Amurka da hukumar JOGMEC ta Japan suka haɗa hannu a wata rijiya da suka raɗa wa Ignik Sikumi, ma'ana wuta a cikin ƙanƙara da harshen mutanen wurin. Kusan mako biyu suna ɗura gauraye, naitirojin kashi 77, kabon kashi 23, zuwa zurfin kusan mita 700. Sannan suka juya, suna sassauta matsi kaɗan-kaɗan kamar mai tatsar saniya mai harbi, suna lura kada rijiyar ta huce har ta daskare. Gas ya yi ta fitowa makonni. Da aka yi lissafi, yawancin naitirojin ta dawo sama, fiye da rabin kabon kuwa ta yi zamanta a ƙasa.

Masana sun ci gaba da jayayya a kan ko musaya ce ta yi yawan aikin ko rage matsin, kuma har yau babu ƙasar da ke sayar da gas ɗin ƙanƙara a kasuwa. Kuɗin haƙo shi ya fi kuɗinsa, balle a Najeriya, inda har gobe ake ƙone gas a banza a bakin rijiyoyin mai.