Rabin Gaskiya: Nunau da Jam'i a Littattafan Koyon Koriyanci

Da dama daga cikin littattafan da ke koyar da baƙi Koriyanci sukan kawo ƙa'idoji biyu a babi daban-daban. A babin nunau su ce kalmomin uku ne: i ga abin da ke kusa da mai magana, geu ga na kusa da mai sauraro, jeo kuwa ga wanda ya yi wa su biyun nisa. A babin jam'i su ce ɗafa-ƙeyar -deul ce alamarsa, kuma sanya ta ba dole ba ne. Illar wannan tsari ita ce raba abin da harshen ya haɗa.

Gaskiya ne cewa suna kan iya ɗaukar ma'anar jam'i ba tare da ɗafi ba. Haksaeng na nufin ɗalibi, amma haksaeng-i manta ma'anarta ɗalibai suna da yawa. Haka nan a ƙidaya akan ce haksaeng se myeong, wato ɗalibai uku, kamar yadda Bahaushe ke cewa shekara uku. Sai dai da zarar nunau ya gabaci sunan mutum, wannan sassauci ya kau. Geu haksaeng ɗalibi ɗaya ne tak. Mai nufin da yawa tilas ya ce geu haksaeng-deul. Dalili kuwa shi ne nunau yana fayyace wanda ake magana a kansa, kuma fayyataccen mutum ba a barin adadinsa cikin duhu. Mai koyon da aka ce masa ɗafin zaɓi ne zai nufi jama'a, mai sauraronsa ya fahimci mutum guda.

Bayanin nunau ɗin ma bai cika ba. Aikin geu bai tsaya ga tazara ba, domin shi ake amfani da shi ga abin da aka riga aka ambata ko da ba ya wurin, aikin da jeo ba ya yi. Ita ma -deul takan liƙe wa bayanau, kamar a eoseo-deul oseyo, marabar da ake yi wa baƙi fiye da ɗaya.

Sauƙaƙa wa sabon shiga ba laifi ba ne, amma ƙa'idar da za a warware ta gobe ba sauƙi ba ce, bashi ce. Ya kamata marubuta su haɗa babin biyu, tun da a bakin Bakoriye tafiyarsu ɗaya ce.